Shekarar da Na Zare Bargo daga Ƙarƙashin Turmi

An ce na kunyata ɗana a gaban maza. An faɗa a wajen suna a Aziziyya, an faɗa a Jidda, har wata 'yar'uwarmu da ke Kano, wadda ko a mafarki ba ta taɓa taka unguwarmu ta Ka'akiyya a nan Makka ba, ta bugo waya tana yi mini nasiha. To ga ni da raina da hankalina, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku 'ya'yana da jikokina, tun kafin in mutu a gyara labarin a bayana. Ban yi nadama ba, wannan ku fara riƙe shi. Amma abin ya ci ni, kuma zan faɗa muku inda ya ci ni.

Wanda ake cewa na kunyata ɗin ɗan farina ne. Kun san ba na kama sunansa, ban taɓa ba, kuma ba a tsufana zan fara ba. A nan zan ce uban Anas. Direban bas ne, shi ke jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Harami, mutum mai haƙuri da gudun magana, wanda in an taka shi shi ke ba da haƙuri. A shekarar da nake ba ku labari muna zaune tare a shiƙƙa ɗaya, wato sashen gidan haya, a hawan ƙasa, ni da shi da matarsa da yaransu. Anas ne babba. Shi ne jikan da nake kira angona, in ce ya kawo cefane, shi kuma ya ce da Hausarsa mai ɗingishi wai ya sake ni, na tsufa da yawa. A Makka aka haife shi, a Makka aka haifi ubansa, ni kuma a goye aka shigo da ni ta Sudan. Duk da haka a takarda baƙi ne mu, iƙama, takardar izinin zama, muke sabuntawa kamar waɗanda suka sauka jiya.

Anas ya gama sakandare da sakamako mai kyau, abokansa suka wuce jami'a, shi takardunsa suka tsayar da shi a bakin ƙofa. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa da kowa ba. Ya shiga ɗaki ya saki labule. Da farko muka ce gajiya ce, sannan muka ce zuciya ce za ta huce, har wata ya bi wata yaron nan ba ya fita sai sallar Juma'a, ita ma sai ubansa ya tsaya a kansa. Abinci in an ajiye masa a bakin ƙofa sai a ɗauke shi kusan yadda aka kai. Na daina ce masa angona, don ba ya ramawa. Ni mace ce mai kunne, idona ya yi rauni tuni amma kunnena garau yake, kuma a zamana na duniya ban taɓa jin abin da ya ba ni tsoro kamar shirun ɗakin nan ba. Nakan tsaya a bakin ƙofar in kasa kunne ko zan ji tari, ko motsin gado. Na sha jin labarin yaran da irin wannan shirun ya kai su inda ba a dawowa, kuma na san hanyar da jikana ya kama ke nan.

A wannan shekarar ne baladiyya, hukumar gari ke nan, ta gyara wani kango da ke bayan gidanmu, inda da ake zubar da tsofaffin katifu. Aka shuka itatuwa, aka sa kujeru, a gefe guda kuma, daidai saitin tagar ɗakina, aka zuba siminti mai santsi da wani rami kamar ƙatuwar ƙwarya. Na ɗauka wurin ruwa ne. Ashe na wasan yaran zamani ne, wani katako mai ƙananan tayoyi huɗu da suke kira siket, su hau su tsaya a kai, su gangara cikin ramin su haye ɗaya gefen, wani lokaci su yi tsalle da shi. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, sai su taru: 'ya'yan Takari irin namu, 'ya'yan Barma, 'ya'yan Yaman, har da 'yan ƙasa. Ƙarar kuwa iri biyu ce. Akwai gurrr ɗin tayoyi a kan siminti, mai kama da niƙa daga maƙwabta, akwai kuma ƙwas ɗin da katakon ke yi in ya dira. Da an kira sallah kuma ɗif, sai ka ga sun jingina katakan a bango.

Ban san yadda aka yi ba, ko ta labule yake leƙensu, ko wani abokinsa ne ya ja shi. Wata rana dai kafin magariba na ji an buɗe ƙofar waje, sai ga Anas ya shigo da gwiwar hannu a kuje, jini har kan riga, gumi sharkaf. Na miƙe zan yi salati. Ya dube ni, ya kira ni kaka da Larabcinsa, ya ce:

"Sitti, akwai tuwo?"

Na ce akwai, angona, in ma babu yanzu za a tuƙa. Ya ce in yi sauri ko ya ƙara aure. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana son raina, sannan na zubo masa malmala biyu, ya cinye ya suɗe kwano. Daga ranar kullum bayan la'asar ina zaune a bakin taga. Ba na ganinsa sosai, amma na koyi dirarsa a cikin ta sauran, tasa ta fi nauyi. In ya faɗi kuma nakan ji shiru na ɗan lokaci, zuciyata ta tsinke, sai in ji dariyarsa. Wallahi wannan ƙarar ta fi mini kowane magani da likita ya taɓa rubuta mini.

Sai ga Abu Majid. Shi ne mai dogon benen da ke kallon filin ta ɗaya gefen, tsohon ma'aikaci ne ɗan ƙasa, mai faɗa a ji a unguwa. Ya fara yawo da magana wai yaran sun hana mutane sakat, wai ba a iya ƙailula. Ƙailula! Wane mahaukaci ne zai hau siminti da azahar a garin Makka? Ƙwai za ka fasa a wurin ya soyu. Kuma wai a Ka'akiyya ake maganar ƙara, jama'a. Tun safe injinan fasa dutse ke ta kakkaɓar tsaunin da ke bayan unguwa har ƙofofi na rawa. Kowace taga da na'urar sanyaya ɗaki a maƙale tana gurnani dare da rana. Tankar ruwa in ta zo ta tsaya tana tura ruwa sama, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Mai gas kullum da yamma sai ya ratsa layi yana dukan tukunyar gas da sifana, ƙwal ƙwal ƙwal, har cikin haƙori kake ji. 'Ya'yan shi Abu Majid ɗin ba sa sauka su buga ƙofar gidansu, hon suke dannawa har a buɗe. Ni da na yi shekaru ina dafa wa alhazai abinci a Arfa, janareta a bayan kunnena, motoci na kuka ta ko'ina, za a zo a ce mini tayoyin da ba su kai ƙwan kaza ba su ne annobar unguwa? Ba ƙarar ce ta dame shi ba. Yaran da ke taruwa a ƙarƙashin tagarsa ne ba su yi masa ba, kuma yawancinsu fatarsu irin tawa ce. Na faɗa, a rubuta.

Magana ta kai ga umda, mai unguwa ke nan. Nan uban Anas ya tsorata, kuma ba zan ce tsoronsa na banza ba ne. Iƙamarsa ta kusa ƙarewa, uban gidan da iƙamar ke ƙarƙashin sunansa kuma abokin zaman Abu Majid ne a masallaci. A ganinsa, in dai har za a ce 'ya'yan Takari na damun mutane, gara a ce Takarin ne da kansu suka fara tsawatarwa. Ya ƙwace katakon Anas ya jefa shi saman kwaba, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a filin. Yaron ya shiga ɗaki ya saki labule, kwanon abinci ya koma bakin ƙofa. Na yi wa uban magana a hankali, ya ce ai wasa ne kawai, wasa ba ya ba mutum takarda. Na ce takardar ma ai mai rai ake ba.

Bayan 'yan kwanaki ya zo ya durƙusa a gabana yana sosa ƙeya, ya ce umda zai zo gobe bayan la'asar ya ji da kunnensa, tunda tagarmu ce mafi kusa. Sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Ashe ya riga ya faɗa wa umda, a gaban Abu Majid, cewa tsohuwarsa ba ta da lafiya saboda ƙarar, kanta na sarawa, ba ta samun hutu. Da ni aka gina ƙarar, ni da nake zama a bakin taga ina jiran ta.

"Ba sai kin ce komai ba, Inna," in ji shi. "Ki gyaɗa kai kawai. Mu a garin nan shiru ne rufin asirinmu."

Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane nauyin abin ba. A wajenmu uwa tana yi wa ɗan fari kara. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kuma tsinka shi a gaban mutane. Tun da na haife shi ban taɓa musa masa magana a gaban baƙo ba. Shi ma ya san haka, shi ya sa ya yi amfani da sunana hankalinsa kwance.

Washegari da rana zuciyata ta ƙi zama, sai na shiga kicin na kama daka. Sana'ata ce tun ƙuruciya, yajin tsire nake dakawa, wanda Larabawan nan ke kira sire suna layi a kansa. Turmin na uwata ne, kuma a ƙarƙashinsa kullum akwai tsohon bargo ninki huɗu. Haka duk matan Takarin da na sani suke yi a gidan haya, a ɗora turmi a kan bargo, a rufe ƙofa, a sauke taɓarya a hankali kamar mai satar daka. Dalilinmu a gidanmu shi ne, ina yarinya muka bar bukkar kwano muka samu ɗaki a wani gida kusa da Harami, unguwar da yanzu ko alamarta babu. Matar mai gidan ta ce dakan uwata na hana ta barci. Ba a yi mana kashedi ba, muka dawo daga kasuwa muka tarar da kayanmu a titi, turmin a kife a kan tabarma. Matar nan kuwa duk mako sai ta aiko a saya mata yajin. Daga ranar uwata ba ta sake daka a ƙasa tsirara ba har ta koma ga Allah, ni ma na gada ban taɓa tambaya ba. Ina cikin dakan nan ina tuna ta, na ji sallama.

Suka zauna a falo, umda da Abu Majid da wani ma'aikacin umda riƙe da waya wadda ya ce tana auna ƙara. Uban Anas na zuba shayi. Na yafa mayafi na zauna a gefe, tsufa ya ba ni wannan izinin. Umda mutumin kirki ne, ga alama ma ya gaji da maganar. Ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki aka buɗe taga. Yara na wasa a waje, gurrr, ƙwas, gurrr. Ma'aikacin ya miƙa wayar waje yana kallo. Ana cikin haka mai gas ya shigo layi da sifanarsa, sai na ga ma'aikacin ya ɗan yi murmushi ya nuna wa umda fuskar wayar. Abu Majid ya ce ai mai gas wucewa yake yi, waɗannan kuwa zama suke, kuma ga tsohuwa nan da suka kwantar, a tambaye ta.

Umda ya juyo ya ce, "Ya Hajja, an ce ƙarar nan ta hana ki lafiya. Haka ne?"

Na dubi ɗana, idonsa na ƙasa, yana jira in gyaɗa kai. Na dubi ƙofar ɗakin Anas, ga kwanon rana nan a ajiye ba a taɓa ba. Wallahi ina son ɗana, kuma na san abin da kalma ɗaya za ta yi masa. Amma shi kunya zai ji, ɗansa kuwa rai ne ke fita daga jikinsa a hankali a bayan ƙofar nan.

Na ce da Larabcin da na tashi da shi a lungunan garin nan, "Ba haka ba ne. Lafiyata ƙalau. Ƙarar nan ni jiranta nake yi kullum."

Da na ga na riga na fasa, sai na ce ai gara in fasa gaba ɗaya. Na tambayi umda ko da suka tsaya a bakin ƙofa sun ji ana daka a gidan nan. Ya ce bai ji ba. Na tashi na shiga kicin, na mirgino turmin har tsakiyar falo, na dawo na ɗauko bargon na ware shi a gabansu. Tsakiyarsa ta cinye, ga zanen gindin turmi nan a zagaye. Na ba su labarin uwata da kayanmu a titi. Na ce tun ina yarinya nake daka a kan wannan don kada wani ya ji motsina, na haifi 'ya'ya na koya musu tafiya a kan yatsu, su ma suna koya wa nasu. Na ce jikana na cikin ɗakin can, ya iya shirun har ya fi mu, saura kaɗan mu rasa shi, kuma katakon nan ne kaɗai ya fito da shi. Sannan na ce wa ma'aikacin ya matso da wayarsa, tunda awo ya zo yi.

Na ɗaga taɓarya na sauke ta da dukan ƙarfina a kan tayil tsirara. Kofunan shayi suka yi tsalle a kan tire. Na ƙara, na kuma ƙarawa. Ni kaina tun ina yarinya ban sake jin muryar turmin uwata ba sai ranar, ashe haka take da zurfi. Yaji ya tashi, Abu Majid ya kama atishawa. Ma'aikacin ya ce wannan ai ya fi na yaran nesa ba kusa ba. Na ce to a rubuta ni a cikin ƙarar, a fara rufe ni kafin a rufe filin. A lokacin ne na ji ƙofar ɗakin ta buɗe. Anas ya leƙo, gashi a cukurkuɗe, yana kallona baki sake.

Umda ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya gyara zama ya ce shi ba zai nemi a rufe wurin da hukuma ta gina ba a kan ƙarar da ba ta kai ta mai gas ba. Ya ce yara su tsaya lokacin sallah, su kuma tashi bayan isha, abin da dama suke yi. Abu Majid ya fita bai shanye shayinsa ba. Uban Anas ya raka su, ya dawo ya tsaya a tsakiyar falo, fuskarsa kamar an watsa mata toka.

"Kin mai da ni maƙaryaci a gaban mutane, Inna."

Na ce, "Na zaɓi ɗanka. Da kai ne a ɗakin can, da kai zan zaɓa."

Ya miƙa hannu saman kwaba ya sauko da katakon ya ajiye a ƙasa, bai dubi kowa ba ya fita. Kafin aikin Hajjin shekarar ya kwashe matarsa da ƙananan yara ya koma Aziziyya, ya ce wai don ya fi kusa da aiki. Kowa ya san ba aiki ba ne. Anas ya ce shi yana nan wajen amaryarsa, wato ni. Iƙamar ta yi jinkirin fitowa, kuma a tsawon jinkirin nan babu sallar da ban roƙi Allah kada bakina ya zama sanadin korar ɗana daga garin da aka haife shi ba. Ta fito daga baya. Amma gidan da na saba jin ƙafafun jikoki ya koma ni da Anas kaɗai, ɗana kuma ya koma gaishe ni ta waya, gaisuwa gajeriya irin ta maƙwabci. Ranar Idi ya zo ya durƙusa ya tashi, ko ruwa bai sha ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu in na tuna sai na ji shi a ƙirji.

Kada ku ɗauka katako ya gyara wa Anas takarda, bai gyara ba. Yana nan baƙo a garin haihuwarsa. Amma yana fita, yana ci, yana aiki a shagon gyaran kekuna, da yamma kuma yana koya wa ƙanana yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Ya rame ya yi baƙi, gwiwoyinsa duk tabo, bakinsa kuwa ya dawo har ya yi yawa. Bargon na wanke shi na ninke na sa a ƙasan akwati, wanda yake so ya gada ya ɗauka, amma kada a sake sa shi a ƙarƙashin turmi a gidana.

An daɗe, har na fara cire rai. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kicin ina daka, taga a buɗe, sai na ji mutum a bayana. Takunsa na sani tun yana rarrafe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ni, na amsa ban ajiye taɓarya ba.

"Inna," ya ce, "tun daga bakin titi ake jin dakanki."

Na ce, "A ji."

Ya dubi gindin turmin a kan tayil. Can ya ce in ɗibar masa yajin ya tafi da shi, wai na Aziziyya ba shi da ƙamshi. Na ce sai ya jira, ban gama ba. Ya jawo kujera ya zauna, na ci gaba da dakana.